JAWANCIN BARA'ATU

Shafi na 23

Da sunan Mai rahama muka buɗe na yau. Masu turo min saƙo kuna cewa "wai wace irin uwa ce Bara'atu, ɗanta ya mutu ko ɗigon hawaye babu", duk na gani, kuma ban ji haushi ba. Ku dai je ku tambayi kakanninku yadda ake yi da ɗan fari a zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, sannan ku dawo mu yi magana. Ke kuma da kika ce in kashe Yelwa kowa ya huta, ki yi haƙuri, tsohuwar mutane ce.

*

Da hantsi jakunan Kebbe suka iso Tambuwal.

Bara'atu na tsakar gida tana gurzar auduga ta ji kukan jaki a ƙofar gida. Ba sai an gaya mata ko waye ba. Jiya-jiya Zahara'u ta fita takaba, ita kuwa Yelwa ba ta san jinkiri ba in ta ƙulla abu.

Zahara'u ita ce matar da Namadi ya auro a Makka, mutuniyar Jawa, wata ƙasa can bayan teku wadda a duk Tambuwal babu mai iya nuna ɓangarenta da yatsa. Shekara goma sha wani abu Namadi ya yi a gabas. Ya ƙetare ruwa da rairayi ya juyo gida, sai a Dogon Daji zazzaɓi ya kayar da shi, inda ɗan Tambuwal ke zuwa cin kasuwa ya dawo ya kwana a ɗakinsa. A can aka binne shi. Ayari ya ƙaraso da matarsa, ba ta da Hausar da ta wuce "sannu" da "ruwa", don duk tsawon hanyar nan da harshenta mijin yake mata magana.

Namadi kuwa ɗan farin Bara'atu ne. Ana yaye shi Yelwa, yayar mijinta, ta goya shi ta tafi da shi Kebbe. Tun daga ranar suna har yau Bara'atu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. Da labarin mutuwarsa ya zo, Yelwa ce ta faɗi tana birgima, Bara'atu kuwa tulu ta ɗauka ta kawo wa masu ta'aziyya ruwa, mata suna yaba kunyarta.

Abu ɗaya ne ya hana ta barci tun daga ranar. Me ya ce da zai cika? Ya ambace ta?

Mutum ɗaya ce a duniya ta ji, kuma yau za a tafi da ita.

"Salamu alaikum, masu gida! Ku ba ni ruwa, hanyar ga ta gasa ni," in ji Yelwa.

Bara'atu ta durƙusa ta miƙa ƙwarya.

"Maraba da Yaya. An zo lafiya? Ina mutanen Kebbe?"

"Lafiya lau suke. Ina ɗiyata?"

"Tana ɗaki."

"A ce ta ɗaure kayanta. Ana yin azahar muka kama hanya."

"Yau, Yaya? Ko kwana ba ki yi?"

"Na baro gero ga gona, tsuntsaye na biki da shi. In kwana in yi mi?"

Saudatu, matar ƙanen mijin Bara'atu, ta leƙo daga madafa. Ita dai in ta ji labari bai kwana a cikinta.

"Yaya, ba ki ji ba? Ai Bara'atu ta zama Bajawiya. Wuta yanzu ba wuta taka ce mata ba, wai api. Jiya na ishe ta bayan rumbu tana ma akuya yare!"

Matan gida suka kwashe da dariya.

Yelwa ba ta yi dariya ba. Ta aje ƙwaryar a hankali ta kafe Bara'atu da ido.

Gaskiyar Saudatu ce, ba ƙage ta yi ba. Abin ya faro ne wajen kaɗi. Zahara'u ba ta fita, ba ta da abokin hira, sai Bara'atu ta riƙa shiga da mazari da auduga ta zauna a gefe kamar aiki ne ya kawo ta. Rannan ta nuna ruwan da ke cikin ƙwarya, ta buɗe tafin hannu. Zahara'u ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ayir."

Daga nan aka fara. Ta nuna wuta, api. Ta nuna ƙofa, pintu. Ta kai hannu baki kamar mai kai loma, makan. In an ce a'a, tidak. In an ce i, iya. Harshen Bara'atu ya ƙi tsayawa inda kalma ta tsaya, sai ta ce "tidaki", Zahara'u ta gyara, ta sake cewa "tidaki". Ranar ce aka fara jin dariyar Zahara'u a gidan, har ta rufe baki don ta tuna takaba take.

Mace mai jikoki, kan da ya cika da lissafin rumbu da na aurar da 'ya'ya, ba ya riƙe sabon abu da sauƙi. Abin da ta koya da safe, kafin la'asar rabi ya zube. Sai ta koma saka kalmomin cikin daka, taɓarya na sauka tana cewa api, tana tashi tana cewa ayir, har gero ya yi gari.

Amma duk waɗannan abubuwa ne da ake nunawa da yatsa. Yaya ake nuna "uwa"? Yaya ake nuna "me ya ce"? Sai da akuyar gida ta haihu sannan Bara'atu ta samu biyu. Ta ja Zahara'u bakin ƙofa ta nuna uwar, ibu. Ta nuna ɗan, anak. Da ta ƙone a yatsa ta samu sakit, ciwo. Da Zahara'u ta dafa ƙirjinta ta samu aku, ni. Kowace kalma sai da ta yi fakonta kamar mai fakon ɓarawon kaji.

"Ku ba mu wuri," in ji Yelwa.

Matan suka janye, amma ba su yi nisa ba. A gidan yawa babu mai nisa da magana.

"Zauna, Bara'atu. Mi kika biɗa wurin yarinyar ga?"

"Ba komi, Yaya. Kaɗaici ya yi mata yawa."

"Kaɗaici. To, in magana kika so da ita, ba ga Malam Sambo nan ba? Shi ya ji Larabci, ita ta ji Larabci. A aika ya zo zaure, ki faɗi abin da kika so, ya juya mata."

Bara'atu ta sunkuyar da kai.

Yelwa ta san inda ta taɓa. A ce Bara'atu ta durƙusa gaban malamin unguwa, namiji, abokin marigayi mijinta, ta buɗe baki ta tambayi labarin ɗan farinta? Kafin magariba an kai maganar bakin rijiya. 'Ya'yanta mata da ke gidajen aure su za a riƙa yi wa gori da ita. Wallahi da ta yi haka gara ta fita kasuwa ba zane.

"Yaya, ki bar mani ita zuwa bayan kaka."

"Don mi?"

"Tana taya ni kaɗi."

"Kaɗi! Zaren da taka yi ko ɗinkin buhu ba a yi da shi. Sake wata."

"To zuwa tsayuwar wata."

"Bara'atu, dube ni."

Ta ɗago.

"Wa yag goye shi?"

"Ke ta, Yaya."

"Da ƙyanda ta kama shi, wa yak kwana zaune?"

"Ke ta."

"Wa yay yi mashi kaciya, wa yak kai shi makaranta, wa yas sai da saniyatai ya yi mashi guzurin Makka?"

"Duk ke ta, Yaya. Ban taɓa musu ba."

"To matatai tawa ta. Ko kunyar ta ƙare, yanzu da furfura?"

Maganar ta soki Bara'atu har cikin ƙashi. Ta ji hawaye na tasowa, ta danne su kamar yadda ta saba, ta miƙe tana kaɗe angurya daga zanenta.

"Bari in taya ta ɗaurin kaya."

"Yi maza. Rana ba ta jiranmu."

*

Zahara'u na durƙushe tana naɗe tabarma. 'Yar ƙarama ce, gashinta mai santsi ya kusa taɓa ƙasa in ta sunkuya, takaba ta ƙara ramar da ita. Tana ganin mai shigowa fuskarta ta washe.

"Bara'atu! Makan?"

Haka take kiranta, gatsau, da sunanta. Matan gida har toshe kunne suke in sun ji. Amma wa zai gaya mata? Babu mai ambaton Namadi a gaban Bara'atu, balle a nuna ta a ce ga uwarsa. Ranar da ayari ya iso, wadda ta yi kuka ita aka nuna mata aka ce ga Innarsa. A wurin Zahara'u, Bara'atu wata mata ce mai kirki a gidan, mai kawo fura da safe, mai son koyon yare.

"Tidak," in ji Bara'atu. Yau kalmar ta tsaya daidai.

Ta saki asabari ya rufe ƙofa, ta zauna.

Ta daɗe da haɗa maganar. Kalma uku ce kacal. A bayan rumbu ta yi ta maimaita ta a gaban akuya, sai dai kullum biyu take faɗa, ta bar gurbin ta farko. Tana gaya wa kanta cewa in da Jawanci ne ba laifi, ai ba da shi aka yi mata tarbiyya ba, ba da shi uwarta ta ja mata kunne ba. To amma suna suna ne, ba ya sauyawa don an sauya harshe.

"Zahara'u."

"Iya?"

Bara'atu ta buɗe baki, babu abin da ya fito.

A waje muryar Yelwa na tashi, tana faɗa da mai jakuna kan yadda ya ɗaura mangala.

Ta sake gwadawa.

"Na..."

Zahara'u ta aje tabarmar ta matso.

"Apa?" Wato, me?

Bara'atu ta runtse ido, ta dafe ƙasa da hannu biyu.

"Namadi... anak... aku."

Ya fita. Sunan da ta haɗiye shekara da shekaru ya fita, a cikin ɗan ɗaki mai warin auduga, da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Zahara'u ta yi ɗan murmushin da take yi in ɗalibarta ta yi kuskure. Ta girgiza kai.

"Tidak, Bara'atu. Ibu Namadi..." ta nuna waje, inda muryar Yelwa ke fitowa.

"Tidak!"

"Iya. Ibu."

Gyara mata take yi. Ta zaci kalmomin ne suka rikice wa tsohuwa.

Bara'atu ta kamo hannunta da ƙarfi ta danna a cikinta.

"Anak. Sakit. Aku."

Ta nuna waje, ta sunkuya ta ɗora hannu a gadon baya kamar mai goyo. Ta sake dawo da hannun yarinyar kan cikinta.

Zahara'u ta daina murmushi, amma idonta na nuna ba ta kama ba.

Kalmomin Bara'atu sun ƙare. Ta duba hagu ta duba dama kamar za ta tsinci wata a ƙasa. Sai ta ja yarinyar zuwa bakin ƙofa, ta ɗan ɗaga gefen asabari. Can gindin rumbu jar kazar gida na tono, 'yan zabi na biye da ita. Tare suka sa mata ƙwan zabuwa da damina, Zahara'u ce ma ta riƙe kazar.

Bara'atu ta nuna kazar.

"Yelwa."

Ta nuna zabuwar da ke kan danga ita kaɗai, ko kallon 'ya'yan ba ta yi. Ta dafa ƙirjinta.

"Aku."



Zahara'u ta dubi kazar, ta dubi zabuwar, ta juyo ta dubi matar da ke gabanta. Kallo take mata irin wanda ba ta taɓa yi ba, daga goshi zuwa haɓa. Ta ɗaga yatsa a hankali ta shafi girar Bara'atu, ta gangaro kan hancinta.

Sai ta zube a ƙasa. Ta kama hannun Bara'atu da hannu biyu, ta sumbace shi, ta ɗora a goshinta.

"Ibu," ta ce. "Ibu... Ibu!"

Bara'atu ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Saura tambayar. Ba ta da kalmar "ce", don ranar da ta nuna bakinta tana neman ta, sunan baki aka ba ta, mulut. Da shi ta yi amfani.

"Mulut Namadi... apa?"

Bakin Namadi, me?

Ko ɗan yaye ya fi haka iya magana. Amma Zahara'u ta gane.

Sai magana ta ɓalle.

Duk abin da yarinyar nan ta ƙunsa tun daga Dogon Daji ya kwararo lokaci ɗaya. Tana faɗa tana kuka, tana nuna gabas, tana kwatanta mutum a kwance, tana riƙe hannun Bara'atu kamar yadda aka riƙe nata. Muryarta na sauyawa, ta yi ƙasa, ta yi kauri, Bara'atu ta gane kwaikwayon muryarsa take. Maganar ɗanta ce wannan, ta ƙarshe, ga ta ana zuba mata a kunne.

Ba ta jin komai.

Ta kasa kunne har jijiyar wuyanta ta miƙe. Ibu, ta ji wannan. Sakit, ta ji. Can sai pintu. Ƙofa. Kalmomi suka wuce da gudu, pintu ta sake dawowa, ta sake dawowa. Sauran duk ƙara ce kawai, kamar ruwan sama a kan jinka.

"Lagi," ta ce. Ƙara. A wurin tuwo ta koyi wannan. "Lagi, Zahara'u."

Zahara'u ta share fuska ta sake daga farko, a hankali.

Ibu. Sakit. Pintu.

"Lagi!"

Ta sake.

Wayyo Bara'atu. Ta san sunan wuta, ta san sunan ruwa, ta san na akuya da na mazari, ga abin da ta yi duk wahalar dominsa ya zo har hannunta ta kasa ɗauka. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na ranar da aka kawo labarin mutuwar. A nan ne kukan ya ƙwace mata. Ba irin na hawaye shiru ba, kuka mai sauti, na macen da ta rasa ɗa.

Aka yaye asabari.

Yelwa ce tsaye, Saudatu da sauran matan gida a bayanta, kowa ta riƙe baki.

Yelwa ta daɗe tana kallon su biyun a ƙasa.

"To, kin ji?"

Bara'atu ta kasa ɗagowa.

"Da ke nika. Wata fuɗu kina kiran wuta api. Ga magana ta zo. Kin ji abin da tac ce?"

"Ban ji ba, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Ƙofa kawai nij ji."

Fuskar Yelwa ta motsa. Ta jingina da bango.

"Ni na ji," ta ce.

Bara'atu ta ɗago da sauri.

"Tun kwanakin ta'aziyya. Yarinyar ga ta ja ni zaure, anka kira Malam Sambo, tac ce akwai saƙon da mijinta ya ba ta zuwa ga uwatai. Na gyara zama, na ce to ga uwatai. Malam ya juya mani shi kaf."

"Yaya..."

"Yana gamawa nis san ba nawa na ba. Malam ma ya sani. Ya dube ni, na dube shi, ya tashi ya shige."

"Shi ne kinka yi shiru? Kina gani na..."

"Na yi shiru! In ce mi?" Muryar Yelwa ta tsage. "Ni da nig goye shi har bayana ya saɓule! Ni da nir raka shi har bakin gulbi ina kuka awa mahaukaciya! Mutuwa ta zo mashi, bai ce a gaida Inna ba. Bai ce Inna ta yafe mani ba. Ke yat tuna, ke da ko ruwa ba ki taɓa miƙa mashi da hannunki ba!"

Hawaye na bin kuncin tsohuwar tana share su da bayan hannu, da haushi, kamar su ma laifi suka yi mata.

"Shi ya sa kika son ɗauke ta," in ji Bara'atu a hankali.

"Shi ya sa. In tana Kebbe tana ce mani ibu, ko ba komi na samu wani abu."

Zahara'u na kallon wannan tana kallon waccan, ba ta sakin hannun Bara'atu.

"Yaya, don Allah. Don Annabi. Mi yac ce?"

"Wa?"

Bara'atu ta kawar da kai.

"Wa yac ce mi? Ni ban jin Jawanci. In kina so, tambaye ni da Hausa. Kira sunanai, ga mutane nan su ji. Ya mutu bai ji ba, to ni in ji a madadinai."

"Haba Yaya!" in ji Saudatu. "Wanga ba daidai na ba. Ki bar ta hakanan."

"Rufe mani baki!"

Bara'atu ta dubi matan da ke ƙofa. Facalolinta ne, da matan 'ya'yansu, da wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta maƙale. Gobe war haka duk Tambuwal ta ji. Mutuncin da ta tara tun tana amarya, wanda ake kafa misali da shi in za a kai yarinya ɗaki, shi ne ake ce mata ta aje a ƙasa.

Ta dafa kafaɗar Zahara'u ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Yaya Yelwa," ta ce, muryarta a sarari. "Mi Namadi yac ce? Mi ɗana yac ce?"

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu!" Maƙwabciyar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yelwa ta sulale ta zauna a bakin ƙofa. Duk faɗan ya fice daga jikinta, ta koma tsohuwa kawai, wadda ta yi tafiyar jaki da zafin rana.

"Ba saƙo yab bar maki ba, Bara'atu. Tambaya yab bari."

"Faɗi."

"Yac ce ranar da za shi gabas, ya biyo ta Tambuwal yin bankwana. Gida cike da mata. Ya zo ƙofar ɗakinki ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta ukku, wata tac ce mashi kin tafi rijiya. Ya tsaya, ya tsaya, madugu ya aiko, ya juya."

Yelwa ta share fuska da gefen zane.

"Yac ce abin ya bi shi har Makka. Ko ɗawafi shika yi sai ya faɗo mashi. Yac ce a tambaye ki, don Allah ki faɗi gaskiya. Kina ciki, ko ba ki ciki? Yarinyar ga ta yi mashi alkawari ba ta barin ƙasar ga sai ta ji amsa."

Tana ciki.

A ranar tana tsaye a bayan asabari, ta cusa gefen zane a baki ta cije. Tana ganin ƙafafunsa ta ƙasan asabarin, da sabon takalmin fata, babban yatsansa na motsi kamar yadda na ubansa ke yi in yana jira. Da ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Surukarta na zaune a tsakar gida, da mata fiye da goma, kowa ta zuba ido ta ga ko za ta fito.

Zahara'u ta gane an isar. Ta matso a kan gwiwoyinta ta sake kama hannun, ta ɗaga jajayen idanunta. Ta nuna ƙofa. Ta nuna cikin ɗaki. Ta yi maganar ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa mai koyo.

"Ibu... di dalam?"

Karo na farko ke nan da Bara'atu ta ji magana sukutum da Jawanci ba tare da an maimaita mata ba: Uwa, kina ciki?

Kuma amsoshin biyu, iya da tidak, duk ta iya su.